Akawu da Motar da Ta Ƙi Lalacewa

Akawu mutum ne da bai taɓa zuwa wurin kowa haka kawai ba. Shekarun da ya yi a ɗakin ajiyar kayan hukumar ruwa, tsakanin bututu da kawunan famfo da mitocin da ba a ɗaura ba, sun koya masa cewa duk wanda ya tsaya a bakin ƙofa da dalilinsa yake tafe. In ka shiga ka ce gaisuwa ce ta kawo ka, sai ya sauke tabarau kan hanci ya zuba maka ido, yana jiran ragowar maganar. Shi ma bai ware kansa daga dokar ba. Ko gidan ƙaninsa ba ya takawa sai da saƙo a baki. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda aikin koyarwa da ta yi, takan ce ranar da ya fara zuwa gidansu, aron tsani ya ce ya zo yi, kuma da tsanin ya tafi.

Mai irin wannan hali ba ya tara abokai. Amma Allah ya rufa masa asiri ya haɗa shi da wata tsohuwar mota, 'yar ƙarama mai launin ƙasa, wadda ta gama wahala a hannun mutum biyu kafin ta iso gare shi. Motar nan ba ta mako ba ta kwanta ba. Yau kafireta, gobe fanbel, jibi salansa ta faɗo tana jan ƙasa. Ita ce ta kai shi garejin da ke bayan layin masu walda, inda wani gajeren mutum mai manyan hannuwa yake aiki a ƙarƙashin rumfar kwano. Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa leƙa ajin da ake koyar da wannan ba. Yakan kafa bakin sukudireba a jikin inji, ya ɗora kunne a kan ƙotar, ya lumshe ido, sannan ya faɗi ciwon mota kamar ita ta raɗa masa.

A gefen rumfar akwai kujerar wata tsohuwar bas da aka ɗora a kan ƙarafan taya biyu. A nan Akawu ya yi rabin rayuwarsa. Yana zaune, Injiniya yana kwance a ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ake gani, suna musu a kan labaran rediyo, da ƙwallo, da ko ruwan famfo ya fi na rijiya. A nan Akawu ya fara faɗin cewa an tsallake shi a ƙarin girma, tun bai gaya wa Malama ba. A nan Injiniya ya ba da labarin rashin lafiyar matarsa, yana magana da cikin mota don kada a ga fuskarsa. Amma in ka tambayi Akawu abin da ke tsakaninsu, cewa zai yi, "Bakanikena ne." Kalmar aboki ba ta taɓa fitowa daga bakinsa ba.

Bayan ya yi ritaya, wata rana tsohuwar motar ta mutu a tsakiyar mararraba, Malama tana ciki ana kan hanyar asibiti da ita. 'Yarsu ta fari, wadda ake kira Lauya, ta ji labari, ta ce ita dai ta gaji. Ba a yi wata ba ta shigo gidan da wata doguwar jif fara, mai tudu, wadda sai ka ɗaga ƙafa sosai kafin ka hau.

"Baba, wannan da fetur take tafiya da kuma lantarki," in ji ta. "Akwai babban batir a ƙarƙashin kujerar baya, da kanta take cika shi in kana taka birki. Mai kaɗan take sha. Kuma ba ta lalacewa. Kai da gareji har abada."

Ta faɗi wannan tana murmushi, a zatonta albishir take yi masa. Akawu ya yi godiya, ya sa mata albarka. Ya danna maɓallin tayarwa, shiru. Ya sake dannawa, ashe kashe ta ya yi. Mota ta tashi ba tari ba kakari, wannan a wurinsa rashin gaskiya ne, don ya saba abu in yana aiki a ji a jikinsa.

Ya zauna jiran ta nuna hali. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, mota ko atishawa. Ya bi da ita hanyar ramuka da gangan, ta ratsa tana lilo. Ya bar ta a rana, ya shiga da ita ruwan sama, ita dai ba ruwanta. A gida kuwa ya zame wa Malama kaya. Ya gyara jerin kwalaben kicin bisa tsawo, ya ƙirga cokula ya ce ɗaya ya ɓata. Sau da yawa yakan bi ta layin masu walda, ya rage gudu, ya hango kujerar bas ba kowa a kai, ya wuce. Kewa ta dame shi ƙwarai, amma ba shi da dalilin tsayawa.

Ranar da abin ya ishe shi, sai ya karya kan motar ya shiga garejin. Injiniya ya fito yana goge hannu da tsumma, ya zagaye jif ɗin a hankali bai taɓa ta ba.

"Akawu, ashe kana duniya. Me ya same ta?"

"Wata 'yar ƙara nake ji," in ji Akawu, idonsa a kan rumfa. "Ƙis-ƙis haka, ta gefen dama. In na sha kwana."

Injiniya ya ɗaga bonet. Babu kafireta, babu wayoyin filogin da ya saba gani. Wani baƙin murfin roba ya lulluɓe komai, ga wasu kauraran wayoyi masu launin ruwan lemo, an manna musu hoton walƙiya da hannun mutum. Akawu yana gefe, ya ga abin da bai taɓa gani ba a fuskar mutumin nan: tsoro. Sukudireban ya fito daga aljihu, ya yi ɗan shawagi a iska, ya rasa inda zai sauka, ya koma.

Sai Injiniya ya ce, "Je ka zauna. Aikin ba na gaggawa ba ne."

Akawu ya zauna a kujerar bas, ya ji bayansa ya koma mazauninsa. Suka ɗauko musu daga inda suka ajiye shi. Injiniya ya goge murfin robar da tsumma, ya ƙwanƙwasa nan, ya leƙa can, ya girgiza tayar dama, can da rana ta karkata ya rufe bonet.

"Gwada ta yanzu."

Akawu ya zaga layi ya dawo. "Ta daina," in ji shi. "Wallahi kamar an ɗauke da hannu."

"Za ta iya dawowa. Irin waɗannan sai ana sa musu ido."

Ta kuwa dawo, mako na zagayowa. Daga nan jif ɗin Akawu ta zama motar da ta fi kowace yawan ciwo a baki. Ta yi ƙis-ƙis, ta yi gurnani in an hau tudu, ta yi wani fito da ba ya fitowa sai da iska. Akawu ya ƙware a ƙirƙirar ƙara har yakan tanadi ta mako mai zuwa tun yana kan hanyar komawa gida. Kuma duk ƙarar da ya kawo, tsumman Injiniya yana maganinta.

Sai dai mota, ko wace iri ce, tana son juyen mai da canjin matata. Wannan kuwa Lauya ta ɗaure shi da alkawari cewa a kamfanin da ya sayar da motar za a riƙa yi. Can akwai falon jira mai sanyi, da kujeru masu laushi, da matasa cikin tufafi masu tsabta da suke jona wa mota kwamfuta su karanta lafiyarta. Ba mai yi maka musu a can, kowa "ranka ya daɗe" yake ce maka. Akawu yakan je a ɓoye, ta doguwar hanyar da ba ta bi ta layin masu walda, yana jin kansa kamar mai cin amana. Kafin ya fita yakan tsaya ya kankare 'yar takardar da suke mannawa a gilashi da farcensa, har gam ɗin ya fita tas. A ransa, ranar da Injiniya ya gane cewa akwai wani wuri, ranar zai gane cewa duk ƙararrakin nan tausayi ne. Mutum mai irin zuciyar Injiniya kuwa zai iya haƙura da komai ban da tausayi.

Haka aka kwashe shekara goma sha wani abu. Farin motar ya disashe. Kujerar direba ta lotsa ta ɗauki siffar Akawu. Jikoki sun zane bayan kujeru da biro, an canja tayu, an canja robar goge gilashi, an canja ƙaramin batir. Ta kai Malama asibiti ta dawo da ita, ta ɗauko buhunan siminti, ta yi jigilar dangi zuwa garuruwan da ko direban haya yake ƙi. Duk da wannan, ko sau ɗaya ba ta taɓa barin su a hanya ba. Maƙwabta suka fara tambayar Akawu sirrin.

"Bakanike na gari," yakan ce, ba ko ƙifta ido.

Magana ta yaɗu. Masu irin motar suka fara zuwa garejin bayan layin walda suna neman gwanin da ya riƙe jif ɗin Akawu. Injiniya yakan dube su daga sama har ƙasa, ya ce shi irin wannan mota guda ɗaya yake riƙewa, don ba a raba mata hankali. Suka tafi suna ƙara girmama shi. A gaskiya kuwa, in akwai abin da ya yi wa motar nan na alheri, shi ne bai taɓa ta ba.

Garejin dai yana ta ƙanƙancewa. Tsofaffin motocin da suka san kunnensa suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, aka kai su wurin masu yankan ƙarfe. Masu koyon aiki suka koma inda ake da kwamfuta. Matar Injiniya ta rasu. Gemunsa ya yi fari, hannuwan suka fara rawa in ya ɗaga sifana babba. Wani makon, jif ɗin Akawu ce kaɗai motar da ke shiga rumfar, kuma tun da safe yakan wanke tsumman ya shanya.

Sai ga wata safiya Akawu ya fito da sabuwar ƙara a baki, wata da ya yi niyyar cewa tana fitowa daga ƙofar baya. Ya kusa kwanar layin masu walda ke nan, sai allon gabansa ya yi ƙara, ta gaske. Wata jar alama mai kusurwa uku ta kunnu. Injin ya ɗauki kuka, motar ta yi nauyi, yana taka totur tana jan ƙafa. A karo na farko tun da aka kawo ta, ta yi ciwo.

Akawu ya tsaya a gefen titi. Ga rumfar can yana hango ta. In ya shiga da jar fitilar nan, ɗayan biyu ne. Ko Injiniya ya tsaya a gabansa ya ce bai iya ba, ko kuma girman kai ya sa shi kai hannu kan wayoyin nan masu hoton walƙiya. Akawu bai san wanne ya fi ba shi tsoro ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kai wa bakanike ciwon ƙarya, ranar da na gaskiya ya zo, sai ya juya kan mota ya gudu da shi.

A kamfani suka jona kwamfuta, suka ce wani sashe na babban batirin ne ya gaji, ba abin mamaki ba ne ga mota mai shekarunta. Za a gyara, amma sai an aiko da kayan daga nesa. Ya bar ta ya hau motar haya ya koma gida.

Ranar zuwa gareji ta zo ta wuce. Akawu yana falo yana kallon bango.

"Baban Lauya, ƙafarka ƙalau take," in ji Malama. "Tashi ka je mana."

"In je in ce masa me?"

"Ka ce ka zo."

"Na zo me?"

Malama ta ajiye ɗinkin da take yi ta dube shi. "Kai dai Allah ya shirye ka. Mutum ya tsufa bai iya zuwa wurin abokinsa ba sai da mota ta raka shi."

"Bakanikena ne," in ji Akawu, amma a hankali.

Waya ta yi ƙara, ya ga Injiniya ne, ya ce mura ce ta kama shi, har da ɗan tarin da ya ƙirƙira nan take, don hannunsa ya riga ya faɗa a wannan sana'a. Mako na biyu ya ce murar ta sauka ƙirji. A na uku wayar ba ta yi ƙara ba, wannan kuwa ya fi damunsa. Ya daina cin abinci sosai. Ya tabbata a ransa cewa shi ke nan, ya rasa kujerar bas da mai ita.

Wata rana da hantsi yana zaune a tsakar gida aka buga ƙofar ƙarfen gidan. Ya buɗe, sai ga Injiniya cikin wankakkiyar riga, da akwatin kayan aiki a hannu, yana haki. Tun da suke, bai taɓa taka gidan nan ba.

"Na ce tunda mai ita ba lafiya, bari in zo in duba ta a gida," in ji shi. "Kada ƙarar nan ta yi nisa."

Ya leƙa ta kafaɗar Akawu. Rumfar mota tana nan, ba komai a ƙarƙashinta sai sawun tayu da wani bokiti. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya dawo da idonsa kan Akawu, wanda ko alamar mura babu a tare da shi.

"Ina take?"

Akawu ya nemi ƙarya a duk aljihunsa bai samu ba. "Tana kamfani."

"Me ya same ta?"

"Babban batirin."

Injiniya ya ajiye akwatin a ƙasa. Malama ta fito da kujeru biyu, ta gaishe shi, ta koma ciki ta bar labulen a ɗan buɗe. Suka zauna suna fuskantar rumfar da ba mota.

"Gara da ka kai ta can," in ji Injiniya daga bisani. "Ni wayoyin nan, ko a mafarki ba na son su."

Akawu ya sunkuyar da kai, kunya kamar ƙasa ta tsage.

"Ka kuma gaya musu su daina cika mata mai har wuya. Kullum sai na ga ya ɗan haura layi."

Akawu ya juyo da sauri. "Kana dubawa?"

"Sandar awon mai ce kaɗai abin da na gane a cikinta, ba sai in duba ba? Shekara da shekaru ban taɓa juye mata mai ba, amma kullum sai in same shi garau. Na ce ko dai motar nan waliyyiya ce, ko Akawu yana da wani wurin."

"Ba ka taɓa faɗa ba."

"Kai ka faɗa? Wata ƙarar ma da kake kawowa, wallahi ko keke ba ya yin irinta."

Dariya ta so ƙwace wa Akawu. Ya ji sanyi a ransa, ya kuma ji baƙin ciki, don yanzu an buɗe komai, kuma abin da aka buɗe ba ya komawa. Ko motar ta dawo gobe, da wane ido zai sake cewa yana jin ƙis-ƙis? Injiniya ma ya san haka. Suka zauna, tsofaffi biyu, babu mota a tsakaninsu. Maganar da ta rage guda ɗaya ce, kuma ba wanda ya iya ta a cikinsu.

Injiniya ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ɗauki akwatinsa. "To, bari in koma."

Akawu ya raka shi. A bakin ƙofa Injiniya ya kama ƙarfen ya ja. Ƙofar ta buɗe sumul, don watan jiya Lauya ta sa aka canja ta. Ya tsaya. Ya mayar da ita, ya sake buɗewa, ya karkatar da kai ya kai kunne kusa da maratayin.

"Akawu, ba ka jin wata 'yar ƙara a nan?"

Akawu ya saurara. Babu abin da ake ji sai kukan tsuntsu a kan katanga.

"Ina ji," in ji shi. "Ta daɗe tana yi."

Injiniya ya ajiye akwatin, ya durƙusa da ƙyar, ya buɗe shi. "Wannan ba aikin rana ɗaya ba ne. Sai na riƙa zuwa."

Akawu ya juya ya ɗaga murya. "Malama! A bar kujerun nan a waje."